Zanzaro a Injin Yaya

Ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon, in na sake kama hanya kuma zuciyata ta ce ai taɓawar da na yi ce ta buɗe shi. Duk danginmu sun san wannan hali nawa. Shi ya sa da yayana ya rasa inda zai ajiye injin kwalekwalensa, bai yi dogon tunani ba, ya ɗoro shi a kan motar Yamai ya kawo mini shi har Filinge, a ƙasarmu ta Kurfai.

Yayan nan nawa shi ne ɗan farin Inna. Tun yana saurayi ya bar gonar hatsi ya bi gulbi, yana ƙetarar da mutane da buhuna da awaki daga wannan gaɓa zuwa waccan. Shekarar da nake ba da labari jirginsa ya ruɓe ta ƙasa, sai an haɗa masa wani, kuma masu haɗawar ba su san sauri ba. Injin shi ne abincinsa da na iyalinsa. Ya ce a bakin ruwa ana iya sace inji mai shi yana zaune a kai.

"Nan kuwa ko an sace shi, ina ɓarawo za shi da shi?" in ji shi. "Rijiya?"

Ranar da aka sauke shi a tasha mutane suka kewaye mu. Wasu suka ce na ban ruwan garka ne, wasu suka ce na wuta. Wani tsoho ya zagaya shi, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa, ya tambaya ta wane gefe ake zuba hatsin.

A tsakar gida Yaya ya koya mini komai, ina bin bakinsa kamar za a yi mini jarrabawar lakkwal, makarantar boko. Yadda ake gauraya isansi, wato fetur, da man inji a bido, jarkar roba. Yadda ake sassauta ɗan murfin tanki don ya sha iska, a yi ta matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri. Wata jar igiya mai ɗan maƙali da ake sawa a ƙarƙashin maɓallin kashewa. Ya ce in riƙa tada shi duk sati, don in ya daɗe a kwance mai yana daskarewa a cikinsa, robar da ke jawo ruwa kuma ta bushe. Sannan ya kama kunnena, ni da nake da mata.

"Kak ka kuskura ka tada shi babu ruwa. Ba moto ba ne, ruwa shika sha ya huce. Ka ga wanga rami?" Ya nuna wani ɗan rami a bayan injin, wanda bai fi a zura tsinke ba. "In ya tashi, ruwa zai riƙa tsartuwa ta nan. Mu hitsari muke ce mishi. In ba ka ga hitsari ba, kashe shi nan take, in ba haka ba ya ƙone, ni ma na ƙone."

Ya koma Yamai ya bar ni da kayan gulbi a ƙasar da ake wanke kwano a ba tunkiya ruwan.

Ɗakin matata ne kaɗai ke da ƙofar ƙarfe, don haka can na jingine shi a lungu, bayan jeren kwanoninta, na lulluɓe shi da tsohon zane. Ta tsaya ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, baƙon nan naka yaushe za shi?"

"Amana ce."

"Na ji amana ce. Amanar ba ta iya kwana a zaure?"

Bayan ɗakin kuma na ƙwace mata tano, babbar gangar ƙarfen da take tara ruwan famfo a ciki. Na sa aka ɗaure masa katako a baki, inda zan riƙa maƙala injin, ƙafarsa da farfela suna cikin ruwa. Duk ranar Asabar sai in ari amalanken jaki in yi ta jigilar biduna har tanon ya cika.

Tashin farko na ja igiya har kafaɗata ta nemi fita, inji bai ko yi tari ba. Na duba isansi, na duba murfi, na matsa ƙwallo har hannuna ya gaji, na yi bisimilla na sake ja. Zufa ta jiƙe ni. Na fara shirya yadda zan gaya wa Yaya cewa injinsa ya mutu a hannuna tun bai yi sati ba. Sai matata ta wuce da tsintsiya, ta ce, "Wannan jan abin da ka rataya a wuya kamar laya, na ado ne?" Tsoron kada ta ɓace ne ya sa na rataya ta, tsoron kada in manta wani abu kuma ya sa na manta da ita. Ina maƙala ta, ja ɗaya ya tashi.

Ƙararsa ta fito da unguwa gaba ɗaya. Awaki suka tsinke, mata suka leƙo ta kan katanga. Ga ruwa yana tsartuwa ta ɗan ramin nan, siriri, kyakkyawa. Murna ta kwashe ni, gwiwar hannuna ta bugi sandar giya. Farfela ta juya, ruwan tano ya tashi sama kamar an kore shi, ya sauka a kan Inna da kuɓewar da ta shanya. Inna ta share fuska da gefen zane, ta ce, "To, madalla. An yi ruwa a Kurfai cikin rani."

Tun daga ranar taubashina, ɗan kawuna mai gyaran moto, wato babur, a bakin kasuwa, ya naɗa ni Sarkin Ruwan Kurfai. In na wuce ta gaban rumfarsa sai ya tashi ya ƙame, ya ce, "Ranka shi daɗe, yau ina jirgi ya nuhwa? Sanam ko Damana? A rage mini wuri gaba, ina jin tsoron kada."

Ruwan da inji ya yi wanka a ciki ba ya shayuwa, mai yana yawo a kansa, ko jaki ya sansana sai ya ɗaga leɓe. Amma a gidanmu zubar da ruwa a banza ya fi ƙarfin zuciyar kowa. Sai na riƙa juye shi a ramin da muke kwaɓa ƙasar yaɓe, a gindin katanga. Haka aka wayi gari, a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, gidana ne kaɗai ke da ɗanyar laka a unguwar. Ban san wa nake gayyata ba. Zanzaro suka ji labari, suka riƙa sauka a bakin ramin, kowane ya dunƙula ƴar lakarsa ya tashi da shi. Har sha'awa suke ba ni.

A lokacin matata tana da ciki, ya tsufa. Shi ne na biyu. Na farko bai zauna ba. Ba a maganarsa a gidan, amma shi ya sa Inna ta hana ta daka, ni kuma na hana ta komai, har da atishawa mai ƙarfi in da za ta yarda.

Wata Asabar na maƙala inji, na bi komai bi da bi, na ja, ya tashi. Na zuba ido a ramin fitsarin. Babu ko ɗigo. Na fizge jar igiya, ya mutu. Na tsaya ina taɓa kansa da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓi. Na ƙara ruwa a tano har ya yi ambaliya, na shafa ƴan ramukan da ke ƙafarsa inda yake shan ruwa, ko leda ta toshe su. Babu komai. Na sake tada shi, na ƙirga numfashina kaɗan, babu fitsari, na kashe.

Na aika aka kira taubashina. Ya zo da kile, ƙarfen kwance noti, a aljihu yana taku kamar likita. Shi a wurinsa duk ciwon da ke duniya daga buji yake, wato fulogi, ko ciwon kai ka kai masa zai tambayi bujinka. Ya kwance bujin, ya kankare, ya hura, ya duba shi a rana, ya mayar.

"Fid da shi daga ruwan nan mu ji muryarshi sosai," in ji shi. "Inji shina cikin miya, wa za ya gane ciwonshi?"

Na rungume injin. "Wallahi ba ka tada shi a bushe, sai dai ka tada ni."

"Sarkin Ruwa, kai ai ko an ja igiyarka ba ka tashi."

Yana dariya ya durƙusa ta baya, ya ɗaga kai ya leƙa. Ya ce in zo in gani. Bakin ramin fitsarin a liƙe yake da laka, an shafe shi sumul, aikin gwani. Zanzaro ya bi ta ƙarƙashin zane a ɗakin matata, ya sami rami daidai shi, ya zuba ƙwansa ya rufe, da lakar da ni na kwaɓa masa da ruwan injin kansa.

"Shi ke nan?" na ce cikin murna.

"Shi ke nan. Miƙo waya in tsokale."

Ban san Inna tana bayanmu ba. Na dai ji an buge hannun taubashina, wayar ta faɗi.

"Kak ku taɓa shi! A ɗakin wa abin ga ke kwana?"

Kowa ya san amsar. A wajenmu in zanzaro ya yi gini a ɗakin mace, ana cewa ciki ne ya zo ko yana tafe, kuma ba a fasa ginin sai ta sauka lafiya. Wanda ya fasa, ana cewa ba laka kaɗai ya fasa ba.

"Inna, ai wanga ba gini ba ne," in ji taubashina. "Toshi ne. Ko ƙwayar hatsi ta hi shi."

"Kai ma da aka fara ka ba ka kai haka ba, ga ka nan kana cika ma mutane kunne."

Ya tattara kilensa, ya ƙame mini, ya ce Allah ya ba Sarki lafiya, ya tafi ya bar ni a tsakiya.

Da a ce ni mai yarda da camfi ne, da na huta, sai in rufe inji in jira haihuwa. Da kuma ni mai ƙaryata shi ne, sai in tsokale in wuce. Ni kuwa ina tsakani, inda babu inuwa. Na je wajen limamin unguwa. Ya ce camfi ne, ba shi da tushe, in je in gyara kayan ɗan'uwana. Na ce to, in na tsokale kuma wani abu ya faru fa? Ya ce Allah ne ya ƙaddara. Na ce na sani, amma in ta hannuna ƙaddarar ta biyo fa? Ya ce ba ta biyowa ta nan. Na ce to in Inna ta ɗauka ta nan ta biyo, ta yi fushi da ni, fushin uwa shi ma camfi ne? Liman ya dube ni, ya jawo butarsa, ya ce lokacin salla ya yi. Da sauran lokaci, na duba rana.

Na kira Yaya a salula. Yana jin bayanina ya fashe da dariya, ya ce a gulbi kullum sai sun tsokale irin wannan, kuma matansu suna haihuwa har sun rasa wurin kwanciya. Na ce Inna ce ta hana. Dariyar ta tsaya. Ya ce to, jirgi ya kusa, yana nan tafe ranar wata kasuwa, kuma ba zai ɗauki inji zuwa Yamai ba sai ya ga fitsarinsa da idonsa, don in robar ciki ce ta mutu gara ya sani tun nan. Ya ƙara da cewa kada in bar shi a kwance.

Asabar ta zo ta wuce ban tada shi ba, wata ma ta wuce. In na shiga ɗakin sai in ji kamar man yana daskarewa a cikin ƙirjina. Na shiga dabaru. Na ce ko in bar wa taubashina mabuɗi in tafi Tondikandiya gaisuwa, in na dawo in tarar an yi ba da sanina ba. Amma tunda ni na shirya rashin sanin, ai na sani. Na ce ko in fitar da injin zaure, ginin ya tashi daga na ɗakin mace. Inna ta ce zanzaro ya riga ya shaida ɗakin. Aka ce mini ɗan zanzaro in ya girma da kansa yake huda lakar ya fita, sai na riƙa zama da rana a gaban ramin injin, ina kallo, har ina ɗan ƙwanƙwasa gefen da farce ko ya ji ana jiransa.

Matata tana kwance a gado tana fifita, tana kallona.

"Malam, nawa cikin ma ba ka zauna mishi haka ba."

"Don naki nike yi."

"To ka tambaye ni?"

Ban tambaye ta ba. Na tambayi liman, na tambayi Yaya, na tambayi har wani Bafillace mai kawo shanu kasuwa ko su ma suna da wannan hani, ya ce su ba su da ɗakin da zanzaro zai daɗe a ciki. Ita kam ban tambaye ta ba, kuma ko a ranar ban amsa mata ba, na ce kada ta tada hankalinta.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, da hantsi Yaya ya sauka. Na riga na cika tano, na maƙala inji, don ya ga dai ban yi sakaci ba. Inna ta jawo tabarma ta zauna a gindinsa kamar mai gadin kasuwa. Ita kuwa Inna ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta duban fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma a gabanta kansa a ƙasa yake. Ga su kusa da juna har inuwarsu na haɗuwa, amma sai ta bakina.

"Ka ce ma wancan na gulbi, abin ga ba ya motsawa sai an sauka."

Na juya na faɗa masa abin da ya riga ya ji.

"Ka ce ma Inna jirgi na ruwa, yara na jiran abinci. Tsinke guda ne."

Na juya na faɗa mata.

"Ka ce mishi yaranshi sun riga sun iso duniya. Wanga bai iso ba."

Yaya ya shiga zane a ƙasa da yatsa. Ba zai ƙetare maganarta ba, na sani, ita ma ta sani. Zai koma da inji a toshe ya tsokale a hanya, ko ya koma hannu wofi. Ya ce in tambaye ta ko ya halatta ya tafi da shi haka. Inna ta ce gini a ɗakin ya samu, a ɗakin zai zauna. Taubashina da ya biyo Yaya daga tasha ya ce ko a ɗaura wa zanzaron aure da injin kawai kowa ya huta. Babu wanda ya yi dariya sai shi.

Ina tsaye a tsakiya, sai labulen ɗaki ya motsa. Matata ta fito a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da tsintsiya. Ta gaida Yaya, ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta zare tsinke guda, ta rusuna wa Inna gwargwadon yadda cikin ya bar ta.

"Inna, ki yi haƙuri. Wancan karon babu zanzaro, babu inji, ba wanda ya fasa komi, kuma ya tahi. Wanga in mai zama ne, zama zai yi. Cikin nawa ne, ɗakin nawa ne. Tanon ma nawa ne, ina son abina."

Kafin in buɗe baki ta zura tsinken. Lakar ta ruguje, wani busasshen gizo-gizo da zanzaro ya ajiye wa ɗansa abinci ya faɗo, bayansa wata ƴar farar tsutsa. Ta sake zurawa ta juya, ta hura, ta miƙe.

"Ja, malam."

Na dubi Inna. Inna tana kallon katanga, bakinta yana motsi. Na matsa ƙwallo, na maƙala jar igiya, na ja. Ya yi tari ya mutu. Na sake ja, ya sake mutuwa, zaman da ya yi ya sa masa nauyi. Yaya ya miƙo hannu, na ƙi ba shi. Na ja da dukan abin da ya rage a jikina, inji ya kama, ya yi hayaƙi, ya daidaita. Ramin ya fara tofar da baƙin ruwa, ya yi shiru, sai ga shi ya miƙe siriri har yana dukan bakin tano. Yaya ya tara hannu ya ji ɗuminsa, ya gyaɗa kai.

"Ka ce ma Inna na gode," in ji shi.

"Ka ce mishi ba ni zai gode ma ba," in ji Inna, "ni ban ga komi ba."

Yaya da taubashina suna ɗaure injin a amalanke, ni ina durƙushe a ƙasa ina neman tsutsar. Na same ta tana motsi. Na sa ta a kwalin ashana da gizo-gizonta, na shafe bakin da ɗanyar laka daga ramin yaɓe, na kai lungun da injin yake, bayan kwanoni, na ajiye. Taubashina ya ce Sarkin Ruwa ya rasa jirgi ya koma ungozoma. Da yamma na ga Inna ta shiga ta ɗora wa kwalin ƙoƙo don kada kaza ta gani.

Daga ranar har haihuwa ban ci abinci ya zauna mini daidai ba. In matata ta ce wash, sai in tashi tsaye. In ta yi shiru kuma, in tambaye ta me ya sa ta yi shiru. Ta ce da ta san haka ne da ta bar mini injin, ya fi ta iya ɗaukar kulawata.

Ta sauka bayan ruwan shuka, mace, mai murya kamar an ja igiyarta. Yaya ya kira daga bakin gulbi don barka, ya kara salular a jikin inji in ji yana aiki, ni kuma na kara tawa a bakin jaririya. Muka yi ta ihu babu mai jin wani.

Bayan suna na ɗaga ƙoƙon na duba kwalin. Akwai ɗan rami a jikin lakar, ciki babu kowa. Ko ɗan zanzaron ne ya yi fiffike ya fita, ko tururuwa ce ta shiga ta cinye shi, ban sani ba. Inna ta ce fita ya yi. Matata ta ce in ba ta kwalin tana neman abin kunna wuta. Ni har yau in na tuna sai in auna ramin a zuciyata, in ga kamar ya yi wa zanzaro kaɗan, ya yi wa tururuwa yawa.

Tanon ya koma hannun mai shi. An wanke shi da toka, an wanke da sabulu, an shanya shi a rana, amma har yanzu in baƙo ya sha ruwan gidanmu sai ya ɗan tsaya, ya dubi moɗar, ya tambaya ko muna sayar da isansi.